Wasiƙa ga Edita: Kafin 'yan'uwanmu su kafa tanti a duwatsun Norwe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Turai, da waɗanda ke zuwa yawon buɗe ido daga gida, kan maganar kwana a tanti a ƙasar Norwe. Hotunan duwatsun ƙasar sun cika wayoyin mutane, kuma labarin da ke yawo tare da su shi ne wai a can duk inda mutum ya ga dama zai ya da zango kyauta. Akwai gaskiya a ciki, amma an yanke mata kai da ƙafa. Ragowar da ba a faɗa ita ce ke jefa baƙo cikin rigima da masu gonaki, ko ta sa a kwaso shi daga kan dutse jikinsa na kyarma.

Yammacin ƙasar duk fiyod ne, wato rassan teku masu zurfi da suka kutsa tsakanin duwatsu masu tsayi. Mafi tsawo shi ne Sognefjord, ya haura kilomita 200, zurfinsa a wani wuri ya wuce mita 1,300. Biyu daga cikinsu, Geirangerfjord da Nærøyfjord, hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Wannan tsari na ƙasa shi ke sa mutum ya karya kumallo a bakin ruwa da riga ɗaya, bayan tuƙin awa guda ya tsinci kansa kusa da dusar ƙanƙara a tsakiyar watan Yuli.

In fara da doka. 'Yancin da ake magana a kai tsohuwar al'ada ce da suke kira allemannsretten, an kuma rubuta ta cikin dokar shaƙatawa a fili ta 1957. Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Akwai wadda ake nomawa ko ake zaune a kanta: gona, filin ciyawar da ake yanka wa dabbobi, makiyayar da aka gyara, da harabar gida. Nan ba a kafa tanti sai da izinin mai wurin. Sai kuma jeji, dutse, fadama da yawancin bakin teku, inda kowa ke da damar wucewa da kwana ko da filin na wani ne. Ko a nan ma da sharaɗi biyu. Tanti ya yi nesa da gida ko bukkar hutu da ake zaune a ciki da aƙalla mita 150, wato taku kusan 200 na babban mutum. Sannan kada a wuce kwana biyu a wuri ɗaya ba tare da an nemi yardar mai fili ba, sai dai idan can saman duwatsu ne ko wurin da ya yi nisa da mutane.

Inda baƙi suka fi yin kuskure shi ne koren fili mai laushi a bakin fiyod, wanda ido ke gani kamar ba na kowa ba. Sau da yawa ciyawa ce da manomi ke jira ya yanka ya adana wa tumaki da shanunsa na tsawon hunturu, kuma fili mai faɗi yana da wuya a wannan yanki. Duk wanda ya san zafin a sako dabbobi cikin gero kafin girbi zai gane abin da manomin ke ji idan ya wayi gari ya ga tantuna uku da sawun tayar mota a ciki. Wannan 'yanci na mai tafiya da ƙafa ne. Wata dokar daban, ta 1977, ta hana shiga jeji da mota, don haka mai mota zai ajiye ta inda aka halatta ajiyewa, ya ɗauki kayansa ya taka. Ƙananan hukumomi kuma suna da ikon hana kwana a wuraren da cunkoso ya lalata, kamar yadda ake gani a wasu gaɓoɓin tsibiran Lofoten. Allon da ke wurin shi za a bi, ba abin da aka karanta a intanet ba.

Wuta ma da lokacinta. Daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba an hana hura wuta a jeji ko kusa da shi, sai a wurin da ya tabbata ba za ta kama komai ba, kamar kan yashin bakin ruwa ko murhun da hukuma ta gina. Idan fari ya yi tsanani akan hana har wannan. Kada a hura a kan shimfiɗaɗɗen dutse, domin zafi na tsaga shi kuma tabon ba ya gogewa. Wanda wutarsa ta tsere, alhakin yana wuyansa.

Shawarata ga wanda bai taɓa yi ba, ya fara da filin zango na kuɗi, kwana biyu ko uku, kafin ya yi tunanin hawa dutse. Akwai ɗaruruwansu a ƙasar, da yawa a bakin ruwa, ana ba su tauraro ɗaya zuwa biyar gwargwadon kayan da suke da su. Za a samu banɗaki, wurin wanka, ɗakin girki, injin wanki da na busar da tufafi, wanda bayan kwana biyu na ruwan sama ya fi komai daraja. A wurare da yawa ruwan zafi na wanka kuɗinsa daban, ana sa kati ko kwabo ya zubo na 'yan mintuna, don haka a shafa sabulu da hanzari. Yawancinsu suna da ƙananan ɗakunan katako na haya, masu gadaje biyu zuwa huɗu da abin ɗumama ɗaki. Mai haya ke zuwa da zanin gado, shi ne kuma zai share kafin ya tafi, in ba haka ba a caje shi kuɗin shara. Ga mai iyali da ƙananan yara wannan ya fi tanti nesa ba kusa ba. Ana barin tazarar 'yan mitoci tsakanin tanti da tanti saboda gobara, ana kuma yin shiru daga ƙarfe 11 na dare, abin da ya kamata mu kula da shi mu da hirarmu ke daɗewa. Makonni uku na ƙarshen Yuli su ne hutun gama-gari na 'yan ƙasar, wuri na cika, sai a kama tun da wuri ko a iso kafin la'asar. Wutar lantarki a filin zango tana fitowa ta wani shuɗin soket mai baki uku wanda ke buƙatar mahaɗinsa na musamman, kuma filogin Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗin ɗakunansu sai da adafta. Na Nijar yana shiga. Kusan ko'ina da kati ake biya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Mu da muka taso da hunturu mun san sanyi busasshe, wanda bargo da rigar sanyi ke maganinsa. Sanyin Norwe a jiƙe yake zuwa, da iska a bayansa. Birnin Bergen na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, sama da ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma ba shi da damina da rani, kowane wata yana iya sauka. Ga kowane mita 100 da aka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 0.6. Idan dare a bakin fiyod digiri 11 ne, a tudun mita 1,200 zai kusa digiri 4, in sama ta washe ya gangara har inda ruwa ke daskarewa. Mutum ba ya buƙatar dusar ƙanƙara kafin sanyi ya kayar da shi. Jiƙaƙƙiyar riga da iska a digiri 5 sun isa.

Saboda haka auduga ba ta da wuri a jikin mai hawa dutse. Singileti, wandon jins da shadda suna shan gumi da ruwa, su riƙe shi, su dinga zuƙe ɗumin jiki. Abin da 'yan ƙasar ke sa wa har jariransu shi ne ulu, domin ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Tsarin hawa uku ne: rigar ciki da dogon wando na ulu a manne da fata, rigar ɗumi a tsakiya, sai rigar ruwa da wandon ruwa masu tare iska a waje. A ƙara hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa ta ulu ƙafa uku, da takalmin da ya rufe idon sawu wanda aka riga aka saba da shi, domin sabon takalmi kan fasa dunduniya a yinin farko. A ware kaya saiti ɗaya a ɗaure cikin leda, ba a taɓa su sai lokacin barci. Da safe a mayar da jiƙaƙƙun na jiya, ko da ran mutum ba ya so, domin wanda ya jiƙa saiti biyu ba shi da abin kwana.

Jakar barci tana zuwa da lambobi uku a jikinta. Ta farko ita ce ta kwana cikin jin daɗi, ta ƙarshe kuwa tana nufin mutum zai kai safe da rai kawai. 'Yan kasuwa sun fi son nuna ta ƙarshen, mai saye ya dubi ta farkon: don dutse a lokacin zafinsu, a nemi wadda lambarta ta farko ke kusa da digiri 0. Ƙasa ta fi iska satar ɗumi, shi ya sa shimfiɗa take da muhimmanci kamar jakar. Ana auna ta da lambar R, kuma 3 ko sama da haka ita ce daidai. Babbar katifar iska ta ɗakin baƙi ba ta tare sanyin ƙasa ko kaɗan.

Tanti ya zama mai rufi biyu, na ciki da na waje, da ɗan zaure na ajiye takalma da jaka. A duba lambar jure ruwa: milimita 3,000 ga rufin waje, 5,000 ga daɓen. Tantin nan mai rahusa da ke buɗe kansa idan an jefa shi, iskar Lofoten ko ta tudun Hardangervidda za ta kwantar da shi a daren farko. A gwada kafawa a gida, a ƙirga turaku, a ƙara huɗu da igiya mita goma. Wajen kafawa, ƙunƙuntar ƙarshen tantin ke fuskantar iska, ƙofa na bayanta. A fara kafe ɓangaren da iska ke bugowa kafin a sa sanduna, in ba haka ba tantin zai tashi ya bar mai shi. Turke yana shiga a karkace, kansa na kallon nesa da tanti, a ɗaure dukkan igiyoyi ko da gari ya yi lumui, domin iska kan juya da tsakar dare. Inda ƙasa dutse ce, a ɗaura igiya a ƙaramin dutse a danne da babba. Kada a toshe ƙofofin shan iska saboda jin sanyi: numfashin mutum biyu na dare ɗaya kan taru a jikin rufi ya ɗigo, a wayi gari ana zargin tanti da yoyo.

Zaɓen wurin ya fi tantin kansa, kowa ya kwana lafiya shi ya so. Kwari mai laushi da gansakuka kan zama tafki idan an yi ruwa, kuma nan sanyin dare ke taruwa, don haka a nemi ɗan tudu. A ƙarƙashin bangon dutse, idan aka ga tarin duwatsu masu kaifi da ba su yi gansakuka ba, daga sama suka faɗo kwanan nan, wasu na tafe. A bakin teku a nemi layin busasshiyar ciyawar ruwa a kafa can sama da shi, musamman a arewa inda bambancin cikar teku da janyewarta kan kai mita biyu ko fiye. Kada a kwana a tsibirin yashi na tsakiyar kogi ko busasshen kwarinsa. Kusan duk lantarkin ƙasar daga ruwa ake samun sa, koguna da yawa suna da madatsa a sama, ana iya sako ruwa ba tare da an ga hadari ba. Bakin daskararrun kogunan ƙanƙara irin Nigardsbreen akwai shinge da alluna. Ɓangarori na ɓallewa ba sanarwa, an kuma rasa rayukan masu yawon buɗe ido da suka tsallaka don ɗaukar hoto.

Girki da ƙaramin rishon gas ake yi. Ba a shiga jirgin sama da gwangwanin gas, sai an sauka a saya a shagon kayan wasanni ko gidan mai. A tabbatar bakinsa irin na murɗawa ne kuma ya dace da rishon. Gwangwani mai giram 230 kan kai mutum biyu kwana uku zuwa huɗu idan tafasa ruwa ne da girki mai sauƙi, tare da murfi a kan tukunya da abin tare iska. Gas ɗin butan zalla yana daina fita idan sanyi ya kusa digiri 0, sai a nemi wanda aka gauraya da furofan. Ina roƙon kowa da girman Allah kada ya kunna risho ko ya shigar da garwashi cikin rufaffen tanti don jin ɗumi. Iskar da ke fita ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum ya zarce.

Kilishi, dambun nama da man shanu daga gida ba sa shiga: an hana shigo da nama da kayan madara daga wajen yankin tattalin arzikin Turai, kwastan za su karɓe. Mai son naman halal ya yi sayayya a manyan birane, misali unguwar Grønland a Oslo, domin a ƙauyukan fiyod da wuya a samu. A kanti a karanta bayan kwali: svin alade ne, skinke cinyarsa ce, kuma yawancin tsiran-tsiran da ake sayarwa a gidajen mai da kwaɓin hanta na shafa wa burodi suna da shi. Kifin gwangwani, ƙwai, alkamar oza, taliya, dabino da gyaɗa sun wadatar, a lissafa giram 600 zuwa 800 na busasshen abinci ga mutum ɗaya a yini. Manyan kantuna a rufe suke ranar Lahadi.

Ruwan ƙoramar dutse mai gudu galibi ana sha, in dai an ɗiba sama da inda tumaki ke kiwo da inda mutane ke kwana. A shekarun da ɓerayen dutse suka yi yawa, gawarwakinsu na gurɓata ruwa da wata cuta mai sa zazzaɓi, don haka tafasawa ta fi. Maganar bayan gida kuwa ita ce ta fi ɓata sunan baƙi, har aka kai ga raba jakunkunan ɗaukar bayan gida a gandun Lofotodden, inda gaɓar Kvalvika take. A yi nisan aƙalla mita 50 daga ruwa da hanya, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe. Mu masu buta mun huta da matsalar takarda, sai dai a ɗebo ruwan a tafi da shi can, ba a yi tsarki ko wanki da sabulu a cikin ƙoramar da na ƙasa zai sha ba.

Masu salla su san alƙibla daga Norwe kudu maso gabas take, kamfas na hannu ya fi waya tabbas. A arewacin ƙasar rana ba ta faɗuwa na makonni. A birnin Tromsø daga wajen 20 ga Mayu har bayan 20 ga Yuli. Musulmin can da yawa suna bin lokutan Makka a irin wannan lokaci, wasu na bin gari mafi kusa da ke da dare. A tambayi malami kafin a tashi, tare da hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, kada a bari sai an isa. A ɗumama ruwan alwala a kan risho, a goge ƙafa ta bushe sarai kafin a mayar da safa. Abin rufe ido yana taimaka wa barci.

Wuraren da hotunansu suka fi yawo ba ɗaya suke ba. Dutsen Preikestolen, mai tsayin mita 604 a saman Lysefjord, tafiyar kimanin kilomita 8 ce zuwa da dawowa, awa huɗu. Dutsen Trolltunga kuwa, idan an taso daga Skjeggedal, zuwa da dawowa kusan kilomita 27 ne, awa 10 zuwa 12, kuma can ne aka sha ceto mutanen da suka tashi da rana tsaka da takalmin yawo. Masu ceton yawancinsu 'yan sa kai ne da ke barin aikinsu da iyalinsu. Ƙa'idojin dutse da kowane ɗan makaranta ya sani a ƙasar sun yaɗu ne bayan hutun Ista na 1967, lokacin da mutum 18 suka mutu a duwatsu, kuma ɗaya daga cikinsu na cewa a juyo da wuri, babu kunya a komawa. Ƙungiyar masu tafiyar ƙafa ta DNT, wadda aka kafa a 1868, tana da bukkoki sama da 500 da hanyoyin da aka yi wa alamar jan harafin T a kan duwatsu. Kusa da bukkokinta masu ma'aikata ana iya kafa tanti a biya kuɗi kaɗan a yi amfani da banɗaki da ɗakin shanya. A duba hasashen yanayi a manhajar Yr kowace safiya, a sauke taswira a waya tun akwai sabis, a riƙe ta takarda, a gaya wa wani hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Idan abokin tafiya ya fara kyarma, yana tuntuɓe, maganarsa na sarƙewa, a tsaya nan take: a kafa tanti, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a raba shi da ƙasa, a sa shi cikin jakar barci, a ba shi shayi mai sukari idan yana iya haɗiya. Kada a murza masa hannu da ƙafa. In kyarmar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi tsanani.

Namun daji ba su ne abin tsoro ba. Farin beyar da ake gani a talabijin yana can tsibiran Svalbard. Kaska ce ke da yawa a gaɓar kudu, tana ɗauke da cuta, a duba jiki kowane dare a cire ta da hantsaki daga kai. Maciji mai dafi iri ɗaya ne a ƙasar, guje wa mutum yake yi. A duwatsun Dovrefjell akwai wasu ɓaunaye masu dogon gashi, a ba su tazarar mita 200. Kada a ci laimar kwaɗin jeji ko da ta yi kama da wadda aka sani, akwai fara mai lalata hanta wadda ta sha kwantar da baƙi a asibiti.

Mai tuƙi ya bar fitila a kunne dare da rana, ya sauko gangara irin ta hanyar Trollstigen mai lanƙwasa 11 da ƙaramar giya don kada birki ya ƙone, kada kuma ya kwana a ɗan faɗin gefen hanya mai alamar M, wurin kaucewar motoci ne. Kuɗin hanya da na jiragen fito kamara ke ɗauka, kamfanin hayar mota zai cire daga baya. Kamun kifi da ƙugiya a teku kyauta ne, a tafki da kogi sai an sayi katin izini.

Lambobin gaggawa a rubuta su a takarda a sa cikin aljihun rigar ruwa, domin sanyi na cinye batirin waya: 110 kashe gobara, 112 'yan sanda da ceto a dutse, 113 motar asibiti, 116 117 likitan da ke bakin aiki idan abin bai kai na gaggawa ba. Mai zuwa da bizar Shengen ya duba cewa inshorar lafiyarsa ta yuro 30,000 ta haɗa da hawan dutse.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya.

Wassalam,
Wani mai karatunku daga yammacin Norwe